Balokole: Tarihin Al'adar Tuba da Yafiya a Gabashin Afirka

Balokole suna ne na wata jama'ar Kirista da ta taso a Ruwanda da Yuganda a shekarun 1930, daga nan ta bazu zuwa Burundi da Kenya da Tanganyika da kudancin Sudan. Sunan daga harshen Luganda yake, ma'anarsa waɗanda suka sami ceto. Ba su kafa ɗariƙa tasu ba. Yawancinsu sun zauna cikin ikilisiyar Angilika, wasu a cikin Firesbiteriya da Metodis da Lutaran, ko'ina suna taruwa a ƙananan ƙungiyoyin zumunta. Abin da aka fi sanin su da shi wata al'ada ce mai wuyar ɗauka: mutum ya miƙe tsaye a gaban 'yan'uwa ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya je ya sami wanda ya cuta ya roƙi gafara, in kuwa akwai abin da ya ci na wani ya mayar masa. Ta wannan hanya suka fitar da maganar gafara daga littafin addu'a suka kai ta kasuwa da gona da ɗakin aure.

'Yan mishan na ƙungiyar CMS sun isa masarautar Buganda a 1877, limaman Katolika kuma suka biyo bayansu a 1879. Addinin ya kafu da jini, domin tsakanin 1885 da 1887 Sarki Mwanga ya sa an kashe samari da dama na fadarsa saboda bangaskiyarsu, aka ƙone wasu da ransu a Namugongo a watan Yuni na 1886. Amma kafin shekara arba'in ta cika al'amura sun juye. Yarjejeniyar da Ingila ta ƙulla da manyan Buganda a 1900 ta raba filaye masu faɗi ga sarakuna, akasarinsu Kirista, coci kuma ya zama ƙofar makaranta da aikin gwamnati da sarauta. Takardar baftisma ta koma kamar shaidar wayewa. Majami'u sun cika, sai dai masu lura daga cikin limamai da sauran jama'a suna kukan cewa zuwa sujada ya zama al'ada kawai: ana karɓar Jibin Ubangiji ranar Lahadi, ranar Litinin a koma wa shan giya da neman mata da ha'inci da zuwa wajen boka.

A kudu maso yammacin Yuganda kuwa, wasu likitoci biyu Turawa, Leonard Sharp da Algernon Stanley Smith, sun buɗe aikin mishan a Kabale a 1921, da niyyar ƙetarawa Ruwanda wadda ke hannun Beljiyam. Tasharsu ta farko a can ita ce Gahini, a kan wani tudu kusa da tafkin Muhazi. Nan aka tura wani matashin likita mai suna Joe Church, wanda ya yi karatu a Kambirij. Ya iske mummunar yunwar 1928 zuwa 1929, lokacin da dubban mutane suka riƙa bi ta Gahini suna neman hanyar Yuganda, da yawa suka mutu a bakin hanya. Aikin ya fi ƙarfinsa, ga kuma rashin jituwa tsakaninsa da ma'aikatan asibitin. A watan Satumba na 1929 ya tafi Kampala hutu, jiki a mace, zuciya ta karaya.

A can, a kan tudun Namirembe inda babbar majami'ar Angilika take, ya gamu da Simeoni Nsibambi, ɗan babban gida, wanda ya yi karatu a kwalejin Budo, yana kuma riƙe da muƙamin jami'in tsabta a gwamnatin Buganda. Shi ma yana fama da ƙishin da ya kasa kashewa a cocinsa. Mutanen biyu suka yi kwana biyu a kan Littafi Mai Tsarki suna bin ayoyin da suka yi magana a kan Ruhu Mai Tsarki. Ba a daɗe ba Nsibambi ya ajiye aikin gwamnati ya kama wa'azi a tituna da gidaje. Masu rubuta tarihin wannan farkaswa ta Balokole kan fara lissafi daga wannan haɗuwa, ko da yake ba daidai ba ne a ɗora wa mutum biyu abin da ɗaruruwan malaman makaranta da masu jinya da matan aure suka ɗauka a kafaɗarsu. Abin lura a haɗuwar shi ne Bature da baƙar fata sun zauna a matsayin mabukata biyu, ba malami da ɗalibi ba, a zamanin da hakan ba abu ne da aka saba gani ba.

Sauyin ya fara bayyana a asibitin Gahini ta hannun Yosiya Kinuka, babban ma'aikacin jinya, wanda ke riƙe da Church a zuci har yana shirin barin aiki. Bayan ya ziyarci Nsibambi a Kampala ya dawo wani mutum dabam: ya faɗi ƙiyayyar da yake ɓoyewa, ya nemi gafara, ya biya abin da ya taɓa ɗauka ba da izini ba. Abokan aikinsa suka fara da yi masa ba'a, daga baya wasu suka bi sahunsa. Na uku, bayan Church da Kinuka, shi ne Blasio Kigozi, ƙanin Nsibambi, wanda ke koyar da masu shirin zama malaman bishara a Gahini. A taron da aka yi a ƙarshen Disamba 1933, an shafe kwanaki ana wa'azi ba wani motsi, sai a ranar ƙarshe wani ya tashi ya faɗi zunubansa a fili. Daga nan mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya na tsawon sa'o'i, wasu suna kuka, wasu suna murna. A Ruwanda aka sa musu suna Abaka, wato masu ci kamar wuta.

A 1935 wata ƙungiya daga Gahini ta je Kabale ta yi babban taro, wanda ya kunna wutar a ƙasar Kigezi da Ankole. Kigozi ya shirya ya yi wa majalisar ikilisiyar Yuganda magana, amma zazzaɓi ya kashe shi a farkon 1936 kafin ranar ta zo. Aka karanta tambayoyin da ya bari a rubuce: me ya kawo sanyin da ikilisiya ke ciki, don me ake barin masu zaman zunubi a fili su zo teburin Ubangiji, kuma me za a yi a farka. A kan kabarinsa aka rubuta Zukuka, kiran da ake yi wa mai barci ya tashi.

Zuciyar al'adar tana cikin taron zumunta. Akan yi shi sau ɗaya ko fiye a mako, a gidan wani ko a gindin itace ko a cikin majami'a bayan an tashi sujada. Ba shi da shugaba naɗaɗɗe, liman da manomi duk a tabarma ɗaya suke. Akan fara da abin da suke kira tafiya cikin haske, wanda suka ɗauko daga sura ta farko ta wasiƙar Yohanna ta fari. Kowa zai faɗi abin da ya auku tsakaninsa da Allah da mutane tun taron baya: fushin da ya yi wa matarsa, ƙaryar da ya yi a ciniki, hassadar da ya ji da maƙwabcinsa ya sayi keke. Ba a yarda da furci na jimla ba, irin na cewa dukanmu masu zunubi ne. Sai an kira laifin da sunansa. Idan mai magana ya gama, ba a yi masa faɗa, ba a kuma ɗora masa horo. Jama'a sukan ɗauki waƙar nan tasu ta Luganda, Tukutendereza, wadda ke yabon Yesu saboda jininsa mai tsarkakewa, kuma wannan waƙa ita ce shaidar cewa an karɓi tubarsa, magana ta ƙare. Daga nan sai karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a. Waƙar ta zama gaisuwarsu, har ɗan ƙabilar Kikuyu da ɗan ƙabilar Haya da ba sa jin harshen juna sukan gane juna da ita a tashar jirgin ƙasa.

Furci kaɗai bai wadatar ba a wajensu. Suna kafa hujja da labarin Zakka mai karɓar haraji a Bisharar Luka, da kuma umarnin da ke sura ta biyar ta Bisharar Matiyu, cewa mai kawo baiko ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwansa. Saboda haka aka riƙa ganin abin da ba a saba gani ba. Mutum ya ɗauko fartanyar da ya sace shekaru da suka wuce ya kai wa mai ita. Wani ya je kantin Ba'indiye ya biya kuɗin kayan da ya ɗauke a ɓoye. Ma'aikacin asibiti ya dawo da magani da bargo, wani kuma ya je ofishin gwamnati da kansa ya biya harajin da ya daɗe yana zillewa. Wannan shi ya fi jan hankalin waɗanda ba ruwansu da coci, domin hawaye kowa na iya zubarwa, amma mayar da akuya sai wanda ya yi da gaske. Haka nan wanda aka zo wa da roƙo, in yana cikin zumunta, ba shi da damar ya ce zai yi tunani. Riƙo ma zunubi ne da shi kansa zai tashi ya faɗa a taro na gaba.

Koyarwar da ke ƙarƙashin wannan ba sabuwa ba ce. Ta biyo ta hanyar tarurrukan Keswick na Ingila, inda ake nanata tsarkin rai, amma Balokole sun sauya mata nauyi. Ba su ce mutum yakan kai wani matsayi da zai daina zunubi ba. Sun ce tuba abu ne na kullum, kuma karyayyar zuciya, wato mutum ya yarda shi ne mai laifi ba tare da kawo uzuri ba, ita ce ƙofar salama. A nan 'yancin da suke magana a kai yake. Wanda ya riga ya tona asirin kansa ba wanda zai tsorata shi da tonon silili, wanda kuma ya yafe ya sauke kayan da yake ɗauke da su dare da rana.

'Yancin bai tsaya a cikin zuciya ba. Waɗanda suka tuba sun fito da layu da guraye sun ƙone a bainar jama'a, suka daina tsoron maita da fushin kakanni. A Ankole makiyayan Hima da manoman Iru, waɗanda al'ada ta raba su a wajen ci da aure, suka zauna a akushi ɗaya, haka ma Tutsi da Hutu a Ruwanda. Mata suka ci abincin da aka haramta musu tun kaka da kakanni, kamar kaza da ƙwai, suka kuma sami bakin magana a gaban maza, domin shaidar mace a taron zumunta daidai take da ta namiji. Miji ya durƙusa ya roƙi matarsa gafarar duka, abin da dattawan gari suka ɗauka zubar da girma ne. Wasu Turawan mishan ma sun tashi a gaban ma'aikatansu sun furta girman kai da raina baƙar fata. Ko jana'izarsu ta bambanta: maimakon kururuwa sai waƙa da shaida, saboda begen tashin matattu. Da yake sun bar giya, suna kuma tsare aure ɗaya da amana a wajen aiki, gidajensu suka yi albarka, 'ya'yansu suka yi nisa a karatu. Ɗan Nsibambi, Apolo, ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Yuganda daga 1999 zuwa 2011.

Duk da haka ba a karɓe su hannu bibbiyu ba, kuma masu sukarsu ba duka ne marasa hujja ba. Mai furta zina yakan ambaci sunan wadda suka yi tare, ita kuwa ba ta ba shi izini ba, sai aure ya mutu, dangi su shiga rigima. A al'ummar da kunya da rufin asiri ke riƙe da zaman tare, wannan babban ta'adi ne. Sarakuna a wasu gundumomi sun hana waƙe-waƙen dare da wa'azi a kasuwa. Limamai kuma sun ji zafin yadda samari ke nuna su da yatsa suna cewa ba su sami ceto ba. Tura ta kai bango a 1941 a kwalejin horar da limamai ta Bishop Tucker da ke Mukono, inda ɗalibai Balokole ƙarƙashin William Nagenda suke tashi da asubar fari su yi addu'a, su kuma yi wa sauran wa'azi. Hukumar kwalejin ta hana, suka ƙi bi, aka kori fiye da 20, wasu ana gab da naɗa su. Ikilisiya ta kusa tsagewa. Abin da ya hana shi ne haƙurin Bishop Cyril Stuart da kuma nacewar Nsibambi da Nagenda cewa ba za su fita su kafa coci nasu ba. A hankali ruwa ya kwanta, har a 1966 Erica Sabiti, wanda ya fito daga cikinsu, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar Babban Bishop na Yuganda. Nagenda da Church kuma suka riƙa yawon wa'azi tare a Turai da Amurka da Indiya, littafin Roy Hession mai suna The Calvary Road, wanda ya fito a 1950, ya kai koyarwarsu ƙasashe masu yawa.

Gwaji na farko mai tsanani ya zo a Kenya, bayan da Turawan mulki suka kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba na 1952 saboda tawayen Mau Mau. 'Yan farkaswa na ƙabilar Kikuyu sun ƙi shan rantsuwar mayaƙan, wadda ake haɗawa da jinin akuya, suna cewa wanda ya sha ƙoƙon Almasihu ba zai sha wani jini ba. Da yawansu sun kuma ƙi ɗaukar makami a rundunar tsaron gida ta gwamnati. Suka shiga tsaka mai wuya: 'yan tawaye na ganin su maciya amana, gwamnati na zarginsu. An kashe wasunsu, ciki har da Andrew Kaguru, mai wa'azi a Kiruri, a 1953. Majami'ar tunawa da shahidai da ke Murang'a, wadda aka aza harsashinta a 1955, domin irinsu aka gina ta. Har yau akwai masu ganin cewa ƙauracewar da suka yi wa gwagwarmayar ƙwato ƙasa ta yi wa mai mulki daɗi, ko da ba su nufa ba.

A Ruwanda, Fasto Yona Kanamuzeyi, wanda ke hidima ga Tutsi da aka kora zuwa yankin Bugesera, sojoji sun ɗauke shi a watan Janairu na 1964 suka harbe shi, kuma wanda aka kama tare da shi ya ba da labarin cewa ya yi wa makasansa addu'a kafin ya mutu. A Yuganda kuma, Janani Luwum, malamin makaranta ɗan ƙabilar Acholi da ya tuba ta hannun Balokole a 1948, ya zama Babban Bishop a 1974, a tsakiyar mulkin Idi Amin. A watan Fabrairu na 1977 shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Amin takardar koke a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ranar 16 ga watan aka kashe shi tare da ministoci biyu, gwamnati ta ce haɗarin mota ne.

Festo Kivengere, Bishop na Kigezi, wanda ya tashi yana kiwon shanu, ya tsere da matarsa bayan kisan Luwum ta cikin duwatsu zuwa Ruwanda. Shi ne wanda a 1973 ya tsaya a filin wasa na Kabale tare da mutum uku da za a harbe a gaban jama'a. Ta bakinsa, a wata sujadar Jumma'a Mai Kyau a Landan ya gane cewa ɗacin da yake ji game da Amin yana cin ransa, ya kuma roƙi Allah ikon yafewa. A 1977 ya fitar da ɗan littafi mai suna I Love Idi Amin, wanda takensa kaɗai ya fusata mutane da yawa. Sai dai yafewar tasa ba ta zama yin shiru ba, domin ya ci gaba da bayyana wa duniya ta'asar gwamnatin, yana kuma nema wa 'yan gudun hijira taimako da gurbin karatu, har ya koma gida a 1979.

A cikin gida kuwa, al'adar da ta fara da 'yanci ta soma daskarewa ta zama doka. Furci ya zama wasu kalmomi da ake maimaitawa, aka fara auna ceton mutum da irin tufafinsa da gyaran gashinsa. Manyan 'yan'uwa suka riƙa sa baki a kan wanda saurayi zai aura da aikin da zai karɓa. A 1958 wasu 'yan ƙabilar Luo a yammacin Kenya suka fice tare da Matthew Ajuoga suka kafa cocinsu. A 1971 zumuntar Yuganda ta rabu, inda ɓangaren Bazukufu ya ɗauki tsattsauran ra'ayi har yana hana cin bashi da shiga inshora. Mutanen da suka koya wa duniya neman gafara sun yi shekaru ba sa zama a taro ɗaya.

Tambaya mafi nauyi ta taso a 1994, lokacin da aka kashe mutum kusan 800,000 a Ruwanda cikin kwana ɗari, a ƙasar da yawancin jama'arta Kirista ne, kuma Gahini kanta ba ta tsira ba. An sami masu bi da suka ɓoye maƙwabtansu har suka rasa ransu, an kashe irin su Israel Havugimana, Bahutu mai wa'azin sulhu, tun a kwanakin farko. Amma da yawa daga limamai da manazarta, ciki har da na ikilisiyar Angilika, sun yarda cewa farkaswar ta koya wa mutum ya tuba daga satar fartanya, ba ta koya masa yadda zai tsaya wa gwamnati mai raba katin shaida bisa ƙabila ba. Ta ɗauki siyasa a matsayin abin duniya da mai ceto zai nisanta, ta kuma nanata biyayya ga masu mulki. Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda suka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu tsakanin 2002 da 2012, sun rage wa mai furta laifi hukunci, ƙungiyoyin coci kuma suka shiga gidajen yari suna haɗa masu kisa da iyalan waɗanda aka kashe. Wannan aiki ya nuna abin da tsohuwar zumunta ba ta cika fuskanta ba, cewa akwai ɓarnar da ba a iya mayarwa, kuma ba a tilasta wa wanda aka zalunta ya yafe a ranar da aka roƙe shi.

A yau majami'un Fentikos sun janye matasa da yawa, sunan Balokole ma a bakin mutanen Kampala ya koma na duk wani mai cewa an sake haihuwarsa. Tsofaffin ƙungiyoyin zumunta suna nan a ikilisiyoyin Angilika da Firesbiteriya da Lutaran na yankin, mafi yawan membobinsu dattawa ne, ana kuma yin babban taron Kabale kusan bayan kowace shekara goma. A 1998 aka kafa mutum-mutumin Janani Luwum a jikin majami'ar Westminster ta Landan cikin shahidan ƙarni na ashirin, gwamnatin Yuganda kuma ta mai da 16 ga Fabrairu ranar hutu ta ƙasa domin tunawa da shi.